Injiniyan tsatsa: akwai abinci a wannan fannin kuwa?

Ɗan_Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Na karanta injiniyan sinadarai a ABU Zariya, yanzu saura wata uku in gama bautar ƙasa. Muna aji huɗu na yi IT ɗina, wato koyon aiki, na wata shida a wani ƙaramin kamfani da ke duba bututun gas, kuma tun daga lokacin raina ya kwanta da harkar yaƙi da tsatsa. Na ga yadda ake tona rami a fito da bututu a auna kaurinsa, na ga yadda ake bin layinsa cikin daji da mita a hannu. Da na gaya wa Baba abin da nake son yi, sai ya dube ni ya ce, "Shekara biyar a jami'a, ka ƙare a kankare tsatsa?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. To ina tambaya: akwai abinci a wannan fanni a Najeriya? Ta ina ake shiga, digiri na biyu ko takardun shaidar ƙwarewa? Kuma dole ne sai mutum ya tattara ya koma kudu?

Gwanin_Barkwanci:
Wa alaikumus salam. Baba ya yi gaskiya. Ka sayi burushin waya da kananzir ka zo Kofar Ruwa, gobe ma ka fara aiki.

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗana. Rabu da Gwani, shi ko a wurin jana'iza sai ya sami abin dariya. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina wannan aiki, mafi yawa a kan bututun da ke binne a ƙasa, don haka bari in fara ba ka amsar da za ka kai wa Baba.

Ƙarfe daga ƙasa aka haƙo shi yana tama, aka narka shi da wuta mai tsanani aka raba shi da iskar oksijin. Tun daga ranar da ya bar maƙera, ƙoƙarinsa ɗaya ne, ya koma gida. Da ya sami danshi da iska sai ya kama hanya. Wannan komawar ita ce tsatsa. Ba mai iya hana ta gaba ɗaya, aikinmu shi ne mu rage mata gudu, mu kuma san saurin da take yi, domin mu iya cewa wannan bututun zai kai shekara kaza, wancan tankin kuwa a sauke shi bana kafin ya fashe. A 2016 ƙungiyar masana tsatsa ta duniya, NACE, ta fitar da wani bincike da ya ƙiyasta asarar da tsatsa ke jawo wa duniya a shekara ta kai dala tiriliyan 2.5, kusan kashi 3.4 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa. Ka gaya wa Baba ba kankarewa za ka yi ba, kai ne za ka riƙa gaya wa masu kankarewa inda za su kankare.

Amma zan gaya maka gaskiya tun yanzu: aikin rana ne. Shekarunka na farko a ƙafa za ka yi su.

Sarkin_Gardama:
Yallaɓai da girmanka, tiriliyan 2.5 ɗin nan lissafin duniya ne, ba na aljihun yaron nan ba. Tambayarsa ita ce akwai aiki a nan? Ni dai tun da nake duba tallan guraben aiki, sau nawa na ga an rubuta ana neman injiniyan tsatsa? Ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Ƙasar da ba a gyara abu sai ya faɗi, wa zai biya ka don ka hana shi faɗuwa? Ya koyi kwamfuta kawai.

Ummu_Hanan:
@Sarkin_Gardama ba ka gani ba ne saboda ba da wannan sunan ake tallata shi ba. Za ka ga ana neman mai duba fenti, ko mai duba bututu da tankuna, ko injiniyan kula da lafiyar kayan aiki, ko mai gwajin ƙarfe ba tare da an yanka shi ba. Duk 'yan gida ɗaya ne. Ni shekarata shida ina aikin duba fenti tsakanin Fatakwal da Bonny, kuma kimiyyar sinadarai na karanta, ko injiniya ban yi ba.

Gwanin_Barkwanci:
Hajiya wato ke ma fenta ce kenan, sai dai mai hular kwano.

Ummu_Hanan:
Gwani ni ce mai hana fenta kuɗinsa idan ya yi ha'inci. Mutane suna raina fenti, alhali shi ne katangar farko tsakanin ƙarfe da tsatsa, kuma mafi yawan fentin da ke ɓarewa ba laifin fentin ba ne, laifin shirya fuskar ƙarfen ne. Kafin a fesa komai sai an buga ƙarfen da tsakuwar feshi ya yi fes, in auna kaushinsa, in gwada ko akwai gishiri a kansa. In auna danshin iska, in ya haura kashi 85 cikin ɗari yawanci a dakata. In auna zafin ƙarfen, dole ya ɗara zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3, in ba haka ba za a shafa fenti a kan jiƙaƙƙen ƙarfe ido bai gani ba. Bayan ya bushe in bi shi da na'ura in auna kaurinsa. A bakin teku, inda iska ke ɗauke da gishiri, ƙaramin sakaci a waɗannan matakan ya isa ka ga tsatsa ta ɓullo kafin damina biyu.

Wahalar aikin ba a na'ura take ba. Wata rana na dakatar da feshi da hantsi saboda danshi ya yi yawa, ɗan kwangila ya taso mini kamar zai cinye ni, wai jirgi na jira, wai kowace awa kuɗi ce. Daga baya ya koma lallashi, daga lallashi ya koma maganar "a ga juna". Idan ba ka iya cewa a'a ba, @Ɗan_Samaru, kada ka shigo.

Ɗan_Samaru:
Na gode Yaya. To ke ta ina kika shiga? Takardar me kika yi?

Ummu_Hanan:
Na fara da takardar BGAS-CSWIP ta masu duba fenti, daga baya na yi CIP, wato kwas ɗin duba fenti na NACE, mataki na 1 da na 2. Yanzu sunan ƙungiyar ya canza, tun 2021 NACE da SSPC, ƙungiyar masana fentin kare ƙarfe, suka haɗe suka zama AMPP, amma a wurin aiki har gobe za ka ji ana cewa "yana da NACE". Matakin farko ba ya buƙatar ka taɓa aiki. Matsalar kuɗin ne, da dala ake biya, kuma ka san inda naira take. Ni kamfani ne ya biya mini na biyun, na farkon kuwa sai da na sayar da sarƙata.

Dakta_Ƙarafa:
Ni malamin jami'a ne a sashen ƙarafa, don haka ku ɗauki maganata da sanin cewa ina da ɓangare. Takardun nan suna da kyau, amma suna koya maka yadda ake yi ne, ba dalilin da ya sa ake yi ba. Mai takardar duba fenti zai gaya maka fenti ya ɓare. Wanda zai zauna ya ce wannan bututun me ya sa ya huje daga ciki cikin shekara uku alhali an tsara shi ya yi ashirin da biyar, wannan sai wanda ya san kimiyyar lantarki da sinadarai da halin ƙarafa.

Misali, ɗanyen mai shi kansa ba ya cin ƙarfe sosai. Ruwan da ke tahowa tare da shi ne ɓarawon. In akwai iskar kabon dayoksaid ta narke a ruwan, ya zama ruwa mai tsami yana cin bututu daga ƙasansa. In kuwa akwai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid, to abin ya wuce ci, ƙarfen na iya tsagewa farat ɗaya ba tare da ya yi siriri ba, shi ya sa akwai ƙa'ida ta musamman, ISO 15156, kan irin ƙarfen da za a yi amfani da shi a irin wannan wuri. Ga kuma ƙwayoyin bakteriya da ke zama a inda ruwa ya kwanta cikin bututu suna haƙa ramuka. Kowanne da maganinsa daban. In ka zuba maganin wannan a kan wancan, ka zubar da kuɗi.

Shawarata, in ka sami hali ka yi digiri na biyu. Jami'ar Manchester a Ingila tana da kwas na shekara ɗaya kacokan a kan tsatsa, kuma ta daɗe da suna a fannin. PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, na ba da tallafin karatu a fannonin da suka shafi mai da gas, ka riƙa sa ido. A gida ma ABU na da sashen ƙarafa, akwai jami'ar man fetur ta FUPRE da makarantar horon aikin mai ta PTI a Effurun, akwai cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a Jos.

Tsohon_Injiniya:
Dakta, ban ƙi taka ba, amma bari in ja da kai kaɗan. An sha turo mini yara masu digiri na biyu daga waje, allo cike da lissafi, amma ka miƙa musu mita ka ce su auna bututu, sai su haɗa wayoyin a juye su kawo maka lamba mara kan gado, kuma ba su ma gane akwai matsala ba. Ni da za a bi tawa, yaro ya fara yin shekara biyu ko uku a fili, sannan ya tafi karatun. Lokacin in malami ya yi magana, ya san abin da ake nufi don ya taɓa shi da hannunsa.

Tunda Ɗan_Samaru ya ce ya ga ana bin layi da mita, bari in faɗi abin da ake yi, don masu karatu su amfana. Bututun da aka binne ana naɗe shi da rufi mai kauri, amma ba rufin da ba ya samun rauni, ko wajen binnewa ko daga baya. To a nan kariyar katod ke shigowa, wadda kowa a bakin aiki ke kira CP. Hanya biyu ce. Ko dai a binne wani ƙarfe da ya fi saurin lalacewa kusa da bututun, kamar tutiya ko maganiziyam, a haɗa su da waya, sai shi ya riƙa cinyewa a madadin bututun. Ni ƙarfen fansa nake ce masa. Ko kuma a kafa na'urar da ke tura wutar lantarki a hankali ta cikin ƙasa zuwa jikin bututun. Ana kafa 'yan sanduna a kan layin jefi-jefi, kowanne da waya da ta taɓo bututun. Kai kuma ka zo da mitarka da wani ɗan kwalba mai jan ƙarfe da ruwan shuɗin sinadari a ciki, ka kafa a ƙasa ka karanta. Lambar da kowane ɗan CP ya haddace kamar Fatiha ita ce milibolt 850 ƙasa da sifili. In karatunka ya kai nan ko ya zarce, bututu na cikin kariya. In bai kai ba, akwai magana.

Akwai kuma binciken da ake yi taku bayan taku, kana tafe da sanduna biyu a hannu kamar makaho, waya siririya na warwarewa a bayanka, kilomita bayan kilomita, cikin gona, cikin fadama, cikin ƙaya. Na sha cizon cinnaka, na sha gudun maciji, an taɓa tsare mu a wani ƙauye wai mu masu neman zinariya ne, sai da mai unguwa ya sa baki. Kuma sau da yawa za ka iso wurin na'urar ka tarar an sace wayoyin tagullar, bututu ya yi watanni ba kariya ba wanda ya sani.

Mai_Walda_Panteka:
Allah ya ƙara girma Yallaɓai. Ashe shi ya sa in muka buɗe tukunyar dumama ruwan wanka ta banɗaki muke samun wani sanda a ciki duk ya zagwanye? Mu cirewa muke yi mu yar, mun ɗauka datti ne.

Tsohon_Injiniya:
Shi ne fa, Malam. Maganiziyam ne. In kun cire, ku sa sabo, in ba haka ba tukunyar ce za ta biya bashin.

Dakta_Ƙarafa:
Dabarar ma tsohuwa ce. Humphry Davy ne ya gwada ta a 1824 a jiragen ruwan sojan Ingila, waɗanda ake lulluɓe cikinsu da jan ƙarfe. Ya liƙa musu guntayen ƙarfe da tutiya, jan ƙarfen ya daina cinyewa. Sai wata matsala ta ɓullo: ashe narkewar jan ƙarfen ce ke korar ciyayi da ƙananan halittun teku, da ta tsaya sai suka maƙale wa jiragen suka rage musu gudu. Ina ba ɗalibaina wannan labarin kullum, don su san gyara ɗaya kan haifi wata ɓarna.

Hajiya_Mai_Haya:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ga masana. Kwanon gidan mahaifinmu a Gusau ya haura shekara arba'in yana nan. Wanda na rufa wa gidan hayata bai shekara bakwai ba ya yi ja, har ya fara yoyo ta wajen ƙusoshi. Me ke faruwa?

Mai_Walda_Panteka:
Hajiya kwanon yanzu takarda ne. Ki riƙe na da ki riƙe na yanzu, hannunki ma zai gaya miki.

Ummu_Hanan:
Gaskiyar Malam ce, amma ba kaurin ƙarfen kaɗai ba, har da kaurin tutiyar da aka shafa masa. Ita ce ƙarfen fansar kwano. In an shafa ta sama-sama, da ta ƙare sai ƙarfen ya fito fili. Wajen ƙusa kuma nan ne aka huda shafin, nan ruwa ke kwanciya. Ki duba kuma ko hayaƙin janareta ko na girki na bugun wurin.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar yaron nan. Mai matsalar kwano ya buɗe nasa zaren.

Sarkin_Gardama:
Yawwa. Ni har yanzu ba a amsa mini ba. Ya tambaya ko dole sai ya koma kudu. Amsar ita ce e, kowa na kewaye-kewaye. Mai yana Neja Delta, kamfanin gas na NLNG na Bonny, matatar Dangote na Lekki. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta shekara nawa a tsaye? Ajaokuta fa? A arewa ma iskarmu busasshiya ce, ƙarfe sai ya shekara a waje lokacin hunturu bai yi komai ba. Tsatsar ma ta fi son kudu.

Tsohon_Injiniya:
Rabin maganarka gaskiya ce. A sararin sama, e, Kano ba Legas ba ce. Amma a ƙarƙashin ƙasa ba ruwan tsatsa da hunturu, fadamar Haɗeja za ta ci bututu kamar yadda ta kudu za ta ci. Bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614 ne, faɗinsa inci 40, an ƙaddamar da aikinsa a 2020. Duk ranar da gas ya fara gudana a ciki, wani zai bi layin nan da mita shekara da shekaru. Ko ɗan Zariya ne ko wani aka ɗauko daga nesa, wannan ya rage namu. Ga tsohon layin da ke kawo ɗanyen mai daga Warri zuwa Kaduna, ga defo-defo da tankunansu, ga tashoshin ruwan sha, ga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro masu ƙofofin ƙarfe a cikin ruwa. Kuma masana'antar da ke tsaye ba ta huta da tsatsa ba, ta ma fi lalacewa in ba a adana ta yadda ya kamata ba.

Amma maganar farawa, na yarda da kai. Makarantar wannan aiki tana Fatakwal da Warri da Legas. Ya je ya koyo.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu ma nan Nijar abin ya fara buɗewa. Matatar SORAZ kusa da Damagaram tana aiki tun 2011, ga kuma babban bututun da ya taso daga Agadem ya ratsa har bakin teku a Benin, kusan kilomita 2,000, wanda aka fara lodin mai ta cikinsa a 2024. Ni makarantar ma'adinai ta EMIG na yi a Yamai. Abin da na lura shi ne, aikin tuƙi da gadi da haƙa ana ba 'yan ƙasa, amma irin wannan na auna lafiyar bututu galibi baƙi ne ke riƙe da shi, don mu ba mu da takardun. Wanda ke jin Faransanci da Ingilishi kuma yana da takardar CP, ƙofa a buɗe take gare shi har Chadi, su ma suna da nasu layin daga Doba zuwa Kribi a Kamaru tun 2003.

Bakano_A_Jubail:
Ni daga Saudiyya nake rubutu, shekarata huɗu a nan. Bari in ƙara wata hanya da ba a ambata ba, ta masu duba kayan matata. Takardun API, cibiyar man fetur ta Amurka: 510 ta tukwanen da ke ɗauke da matsi, 570 ta bututun cikin masana'anta, 653 ta manyan tankuna. Akwai kuma 571 da ke bayani kan ire-iren lalacewar da ke samun kayan matata, wannan littafin ko ba za ka yi jarrabawa ba ka nemo ka karanta. Mai digirin injiniya sai ya yi shekara ɗaya yana aikin kafin a bar shi ya zauna jarrabawar 570, don haka maganar Tsohon_Injiniya ta fara shiga fili tana kan hanya.

A nan yankin Gulf ba a wasa da tsatsa, don zafi ga gishiri ga danshi, ruwan shansu ma daga teku ake tacewa. Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Masar sun cika fannin. Abin da suka fi mu ba ƙwaƙwalwa ba ce, sun san takardar da ake nema sun je sun yi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a aikina shi ne tsatsar da ke ɓuya ƙarƙashin rufin da ake naɗe bututu masu zafi da shi. Daga waje sanholo na ta ƙyalli, ruwa ya shiga ta wata 'yar kafa ya kwanta shekaru, ranar da ka buɗe sai ka ga ƙarfen na ɓarewa kamar ɓawon albasa. A 2012 matatar Chevron da ke Richmond a Amurka ta kama da wuta saboda wani bututu da sinadarin salfa ya cinye har ya yi siriri, dubban mazauna garin sai da suka je asibiti. Sa hannunka a kan takarda cewa abu lafiya yake, amana ce ta rayuka.

Dakta_Ƙarafa:
Ƙwarai. Kuma ba mai kaɗai ba. Gadar Silver a kan kogin Ohio a Amurka ta rufta a 1967, mutum 46 suka mutu, asalin abin wata 'yar tsaga ce a jikin ƙarfe guda ɗaya. A garin Flint na Amurka kuwa, a 2014 aka sauya inda ake ɗebo ruwan sha, ba a zuba sinadarin hana tsatsa ba, ruwan ya riƙa cin tsofaffin bututu yana kwaso dalma zuwa gidajen mutane, yara suka sha. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Ga rodin da ke cikin kankare, in gishiri ya kai gare shi sai ya kumbura ya fasa simintin daga ciki. Duk mai gini da yashin bakin teku da ba a wanke ba yana dasa wannan.

Gwanin_Barkwanci:
Ni fa an ce mini a aikin nan har alade ake turawa cikin bututu. Ɗan_Samaru ka tambayi malamai tukuna.

Ɗan_Samaru:
Hahaha Gwani na gan shi da idona lokacin IT. Na'ura ce kamar doguwar ganga, Turawa ne suka sa mata suna "pig". Ana cusa ta a wannan tasha, matsin gas ko mai ya tura ta har ta fito a waccan. Wata share datti take yi, wata kuma mai wayon tana auna kaurin bututun duk tsawonsa ta adana, a zo a zazzage a kwamfuta a ga inda ya cinye.

Sarkin_Gardama:
To ka ga ma an dawo kan maganata, kwamfuta.

Bakano_A_Jubail:
A nan kam ba ka yi ƙarya ba. Bayanan da na'urar nan ke kwasowa suna da yawan gaske, wanda ya iya tace su ya kuma san ƙarfe, shi ake riƙewa. Amma wanda ya iya kwamfuta kaɗai bai san me yake kallo ba.

Abu_Sumayya:
Kowa na ta faɗin daɗi, bari in faɗi ɗaci. Na yi CP1, wato takardar CP matakin farko, da kuɗin aljihuna shekara uku da suka wuce, bashi na ci. Har yau aikin kwantiragi nake samu, wata uku ana yi, wata biyar ana zaune. Wani kamfanin ma sai da suka yi amfani da takardata suka ci kwangila, aiki ya fara suka sallame ni suka kawo ɗan'uwan mai kamfani. Ban ce kada ya yi ba. Amma kada ya ci bashi ya yi takarda yana zaton washegari za a kira shi. Ya fara samun inda zai raɓa, ko da kuɗin mota kawai za su riƙa ba shi, in sun ga amfaninsa su biya masa.

Ummu_Hanan:
Allah ya kawo mafita Abu_Sumayya. Wannan na faruwa sosai, kuma shekaruna biyu na farko haka na yi su. Abin da ya taimake ni shi ne ban tsaya kan abu ɗaya ba, na ƙara da gwajin kaurin ƙarfe da na'urar sauti. In ba aikin fenti, akwai na awo. Ka turo mini saƙo ta gefe, akwai inda nake jin ana neman masu CP.

Tsohon_Injiniya:
Abu_Sumayya ya faɗi abin da na manta. Ƙari ɗaya, @Ɗan_Samaru: duk aikin da ka yi, ka rubuta a littafinka, rana da wuri da abin da ka auna da wanda ya sa ido a kanka. Ranar da za ka nemi CP2, ko API, ko rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta ƙasa, shi za a tambaye ka. Ka kuma nemi 'yan ƙungiyar masana tsatsa ta Najeriya, NICA, ka riƙa zuwa taronsu. A irin wurin nan ake jin inda aiki yake kafin a buga shi.

Dakta, har yanzu ina nan kan bakana, fili kafin Manchester.

Dakta_Ƙarafa:
Ni ma ina kan nawa, Yallaɓai. In tallafi ya zo masa bana, ya tafi bana. Tallafi ba ya jiran mutum ya gama yawon daji.

Ɗan_Samaru:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na kira wanda ya kula da ni lokacin IT, ya ce in na karɓi takardar bautar ƙasa in zo mu yi magana, amma bai yi alkawarin albashi ba. Zan kuma cike PTDF in an buɗe, duk wanda ya riga zuwa. Jiya na karanta wa Baba bayanin Tsohon_Injiniya na ƙarfe mai son komawa gida. Bai ce e ba bai ce a'a ba, sai ya ce tunda na zama likitan ƙarfe in zo in duba ƙafafun tankin ruwan gidanmu, wai sun fara ja daga ƙasa. Na duba ɗazu, inda ƙarfen ya shiga siminti ne ya fi ci, saman kuwa lafiya lau.

Tsohon_Injiniya:
Nan ruwa ke taruwa. Ka sami guduma ƙarama ka ƙwanƙwasa wurin ka ji ƙarar, ka kankare ka ga kaurin da ya rage kafin ka yi maganar fenti. In ya ci da yawa, a sauke ruwan tankin tukuna.

Mai_Walda_Panteka:
In ya kai ga canza ƙafa, ka ɗauko hoto ka turo in gaya maka irin ƙarfen da za ka saya. Kada ka bari a sayar maka da mara kauri.